Jinin Aro na Aji Mai Sikeli

Na fara sanin Aji mai gyaran sikeli a watan Agusta na shekarar 1971, kuma a makon da na san shi ne ya fara sa ni ƙarya. Ina ɗan shekara ashirin da uku a lokacin, ni ne mai kula da sito a makarantar kwana ta mishan kusa da Numan. Sikelin da muke auna wa ɗalibai wake da gishiri ya karkace, sai Baturen makaranta ya sa ni a mota zuwa Jimeta da shi, tare da duwatsun awonsa na ƙarfe guda shida. Ya ce shida suka tafi, shida za su dawo.

Rumfar gyaran ta wani dattijo ce mutumin Borno, a bakin kasuwa. Aji ɗan ƙanensa ne, saurayi dogo siriri, murmushi ba ya barin bakinsa. Aka ce in dawo bayan kwana biyu. Da na dawo, sikeli ya miƙe sarai, amma dutsen laba ɗaya ya yi ƙiba. Na juya shi, babu rubutun Turanci a jikinsa, ga baƙin fenti yana kama mini yatsa. Aji ya ja ni bayan rumfa ya faɗi gaskiya. Ya kai duwatsun bakin Binuwai ne don ya goge musu tsatsa da yashi, sai na laba ɗaya ya gangara cikin ruwa, ga kogi a cike. Shi ne ya tsinci dutsen kogi, ya yini yana goga shi har nauyinsa ya zo daidai da laba, ya shafa masa fenti. Idan baffansa ya ji, a ranar zai sa shi a motar Maiduguri.

Ya ɗora dutsensa a gefe ɗaya na sikeli, laba ta gaske a ɗaya gefen. Allura ta tsaya cak a tsakiya.

Ya ce, "Malam, nauyi ake tambayar dutse, ba garinsu ba."

Na ɗauki kayana na koma Numan, ban ce wa kowa komai ba. Shekara goma sha ɗaya dutsen kogin nan yana auna gishiri, kuma kowane ƙarshen shekara ina rubuta a littafin sito da hannuna: duwatsun ƙarfe shida, cikakku. Ƙaryar da na yi ke nan a duk tsawon aikina, ni da aka koya wa cewa ko fensir ɗin makaranta ba a zuwa da shi gida.

A 1982 aka dawo da ni Jimeta aikin ofis, na zauna a Luggere da matata Fibi. Aji ya riga ya gaji rumfar baffansa, ya yi gida a Rumde, ya auri Yakaka. Duk mahauci da mai kifi da mai sayen gyaɗa sun san shi. Halinsa ɗaya ne: bai yarda da abin awo ba sai ya ɗora masa nauyin da ya sani. Akwai wani ɗan dutsen tagulla da ba ya rabuwa da aljihunsa, ko ɗaurin aure ya je ya ga sikeli a kan hanya sai ya gwada. Abu ɗaya ne ban taɓa ganin ya auna ba, shi ne sukarin shayinsa. Cokali huɗu yake zubawa, ya ce uku na shayi ne, ɗaya na kofi. Sai dabino a ɗaya aljihun, daga safe har yamma.

A farkon 2017 ya fara ramewa, ya riƙa shan ruwa kamar raƙumi, fitsari ya hana shi zama a rumfa. Asibiti suka ce ciwon suga ne. 'Yarsa Zara, wadda take aikin jinya a Abuja, ta zo da kanta da magani da wani ɗan mashin da bai kai tafin hannu ba. Ana huda yatsa da 'yar allura, a ɗiga jini a kan wata siririyar takarda, wadda muka riƙa kira tsinke, sai lamba ta fito. Zara ta kafa doka. Kowace safiya kafin ya ci komai zai gwada, Yakaka ta karanta mata lambar a waya. Ta ba shi wata uku. Idan lambar ba ta sauko ƙasa da 140 ta zauna a can ba, za a rufe rumfa, ya koma Abuja wurinta inda za ta sa masa ido.

Aji ya taɓa yin kwana tara a Abuja. Ya ce gida ne a hawa na uku, babu wanda yake sallama, kuma sikelin da ke gidan ɗaya ne tak, na banɗaki, shi ma yana ƙarin kilo biyu. Rufe rumfar nan a wurinsa daidai yake da a binne shi da ransa.

Ranar Litinin, ashirin ga Fabrairu, ina zaune a baranda da ƙarfe shida da rabi na safe, sai ga shi da mashin a aljihu. Ya gaya wa Yakaka cewa takardar bayanin da Turanci take, ni kaɗai zan iya karanta masa, ga shi kuma likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa. Na karanta takardar daga farko har ƙarshe, na sa shi ya wanke hannu, na ɗauko sabon littafi na ja layuka da rula: rana, lokaci, lamba. Sai ya ce in dakata. Wannan abu sikeli ne, kuma bai taɓa yarda da sikelin da ba a gwada ba. Yana bukatar nauyin da ya sani. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce shekara arba'in da shida ya san ni, ban sha giya ba, ban sha taba ba, ƙarfe tara nake kwanciya. Idan akwai laba ta gaske a cikin 'yan Adam, ni ne.

Na ji daɗin maganar, kuma nan ne kuskurena ya fara. Na miƙa yatsa. Mashin ya nuna 104. Muka canja allura, domin takarda ta ce ba a haɗa allura ɗaya, ya huda nasa. Ya nuna 263.

Aji ya daɗe yana kallon lambar. Ya ce ya san irin wannan sikeli, yana faɗin gaskiya a ƙaramin kaya, in kaya ya yi nauyi sai ya fara ƙari. Na ce masa mashin lafiyarsa ƙalau. Ya ce to shi ke nan, amma yanzu wace lamba zai kai gida? Mashin yana riƙe da duka biyun, danna maɓalli ɗaya ne ya raba su. Ya kai 104 gida.

Da yamma ya gaya mini Yakaka har guɗa ta so yi, Zara kuwa ta ce magani ya karɓe shi da wuri. Sai dai ta ƙirga tsinke kafin ta tafi, ɗaya a rana, ta ce kada a yi wasa da su. Washegari Aji ya zo da tsinke ɗaya, ya ajiye a kan tebur tsakaninmu, ya ce tunda guda ne, ai sai a ba wa yatsan da ya fi ladabi.

Na yi masa wa'azi na minti goma. Na kawo masa maganar Littafi Mai Tsarki a kan ma'aunin zalunci, ya ce su ma suna da ita, kuma ya fi ni saninta tunda sana'arsa ce. Ya ce ba cuta zai yi ba, aro ne, ɗigo ɗaya a rana, har nasa jinin ya yi hankali. Ya tambaye ni ko ina so in je Abuja hawa na uku in gaishe shi. A ƙarshe na yarda, amma da sharaɗi uku. Zai sha maganinsa a gabana. Sukarin shayi zai koma cokali ɗaya, dabino kuma ya bar aljihu. Sannan kowace Asabar za mu gwada jininsa na gaske da tsinken da zan saya da kaina, in rubuta a bayan littafi. Ya ce na fi Zara tsanani, amma ya miƙo hannu.

Haka littafina ya zama mai fuska biyu. A gaba akwai lambobin da ake karanta wa Abuja, a baya akwai na Aji. Kullum ya yi sallar asuba sai ya kamo hanya a ƙasa daga Rumde, ya iso yana haki, ya ce, "Malam, ina dutsena?" in miƙa yatsa. Na tsara abin yadda ya kamata: gefen yatsa ake hudawa, ba tsakiya ba, kuma yau na manuni, gobe na tsakiya, don kada ɗaya ya gaji. Fibi tana ganinmu daga madafa, ta ɗauka ni nake taimakon mara lafiya. Har ta faɗa a taron zumuntar mata cewa mijinta ya zama likita bayan ritaya.

Ban ce Aji ya cika alkawari duka ba. Wata Asabar lambarsa ta yi tsalle, na matsa masa, ya ce dabino ya bar aljihu kamar yadda aka yi sharaɗi, a cikin hula yake sa shi yanzu. Wata rana kuma ya zo da hannu yana ƙanshin alewa, na sa ya sake wankewa da sabulu, domin ko ɗanɗanon zaƙi a yatsa yana ruɗa mashin. Amma tafiyar nan ta kowace safiya, zuwa da dawowa, da magani a kan lokaci, da tuwon da Yakaka ta rage ta ƙara ganye, sun yi aikinsu. Bayan littafi ya fara sauka: 263, sai 221, sai 190. A tsakiyar Afrilu ya kai 165. Fuskarsa ta ciko, ya daina neman bayan rumfa kowane rabin sa'a.

Gaban littafi kuwa wani abu yake yi dabam. A tsakar gidana akwai bishiyar mangwaro da na dasa a 1984, irin mai zaƙin nan marar zare, kuma a shekarar ta yi 'ya'ya har rassa na taɓa katanga. Ni mutum ne mai tsari: biyu bayan karin kumallo, biyu da rana, uku bayan abincin yamma. Ga zumar da wani tsohon ɗalibina yake aiko mini daga Ganye, cokali biyu a kunu. Ban taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin sukari ba, abin da Allah ya halitta ne. Lambar safe ta tashi daga 104 zuwa 113, ta je 122, ta je 131. Zara ta fara tambaya a waya ko babanta ya koma wa dabino. Aji ya sha faɗa a kan mangwaron da ni na sha, ya zo ya same ni da fushi.

Ya ce, "Malam, dutse yana ƙara nauyi. Ka taɓa jin dutse ya ƙara nauyi?"

Na ce zafin Yola ne ya ɓata tsinke, takarda ma ta ce kada a ajiye su a rana. 

Ranar Asabar, shida ga Mayu, muka gwada mu biyu kamar kullum. Nawa ya nuna 146. Na Aji ya nuna 138. Ya ce a sake, da tsinke daga sabuwar kwalba. Nawa 149, nasa 137. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, dabino biyu suka gangaro. Ya ce yau kaya ya fi dutse sauƙi, kuma idan ina bukatar aro, yatsunsa goma suna nan.

Daga ranar ya daina bukatata. Saura mako biyu wa'adin Zara ya cika, jininsa na kansa ya shiga ƙasa da 140, abin da ya rage masa kawai ya ci gaba da huda yatsansa ya yi shiru, rumfa ta tsira. Da dariya ta lafa sai ya ce in je asibiti. Na ƙi. Na ce shekarata sittin da tara ban taɓa kwana a gadon asibiti ba, mashin ɗan tafin hannu ba zai mai da ni majinyaci ba. Gaskiyar ita ce na san Fibi. Idan ta ji, a ranar za ta kira mai gatari a kan mangwarona. Na ce masa na rufa masa asiri sau biyu, ina so ya rufa mini sau ɗaya. Ya ɗauki hularsa, ya kaɗe, ya tafi.

Litinin da Talata ya zo ya gwada kansa, ya roƙe ni in gwada, na ƙi. Ranar Laraba bayan ya tafi na ga wani abu a kan littafina: tsohon dutsen awo na ƙarfe, laba ɗaya, da rubutun Turanci a jikinsa, an goge shi fes. Na ɗauka mantawa ya yi. Na bar shi yana danne mini takardu.

Asabar da safe, sha uku ga wata, ina jiran Aji shi kaɗai, sai ga keke napep ta tsaya a ƙofar gida. Zara ce ta fara fitowa, sai Yakaka, sai Aji a ƙarshe yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da kuɗi. Fibi ta fito daga ɗaki da mayafinta a kafaɗa da jaka a hannu, alamar ta san da zuwansu. Zara ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi, sannan ta ce, "Bappa, ina son ganin yatsunka."

Na ce lafiya? Ta kama hannuna ta juya. Kowane yatsa da ɗigon baƙi a gefensa, a jere, wata uku na aiki mai tsari. Ta kama na babanta, fes, sai 'yan kaɗan. Ta ce ita dai ta yi karatun jinya shekara da shekaru, ba a taɓa koya mata ciwon da ake huda wani a warkar da wani ba.  Aka gwada ni a gaban kowa, 151.

Sai Zara ta juya kan babanta. Ta ce wata uku ana karanta mata jinin wani, saboda haka ba ta san komai game da nasa ba, kuma sharaɗi sharaɗi ne: ya shirya kayansa. Aji ya ce to. Ban taɓa jin ya ce to a kan wani abu ba tare da ciniki ba. Ina cike da fushi, domin na tabbata Fibi ce ta leƙa littafina ta kira Abuja, kuma ina ganin sakacin Aji ne ya jawo. Duk da haka na ɗaga dutsen ƙarfen nan, na ɗauko littafi, na buɗe bayansa na miƙa wa Zara. Litinin ɗin farko da Asabar goma sha ɗaya, rana da lokaci da lamba, daga 263 har 137. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune. Ta huda yatsan babanta da kanta, 134.

Ta ce akwai wani gwaji a asibiti da yake nuna sukarin wata uku a dunƙule, wanda ba a yi masa aro, kuma da ma ta yi niyyar yi masa a ƙarshen wa'adi, da an kama mu ko ta yaya. Aji ya ɗago kai a karon farko, ya tambaya wane ne yake gwada wannan sikelin.

A ranar aka kai mu asibiti mu biyu. Bayan an sake gwada ni sau biyu aka tabbatar ina da ciwon, amma likita ya ce an kama shi da wuri, kafin ya taɓa ido ko ƙafa. Hukuncin Zara shi ne rumfa ta zauna, mashin kuwa ya koma hannun mata. Aka sayo na biyu aka ba Fibi. Tun daga lokacin Aji yana zuwa da safe kamar da, sai dai Fibi ce take zama a tsakaninmu da tabarau, ta ga an wanke hannu, ta ga yatsan da aka huda, ta rubuta da kanta. Rubutunta ba ya bin layi, amma ba ni da bakin magana. Mangwaro ya tsira da ƙyar. An yanka mini rabin ɗaya a rana, sauran na yaran unguwa ne.

Wata biyar ina riƙe da Fibi a zuciya a kan leƙen littafi. A watan Oktoba muka je suna a Rumde, Yakaka tana ba wa mata labarin abin tana dariya, ina jinta daga zaure. Ta ce ranar Larabar nan Aji ya dawo daga Luggere, ya karɓi waya ya kira Zara da kansa, ya faɗa mata komai tun daga ranar farko, ya ce ta zo ta ɗauki Malam ta kai asibiti domin ba zai ji maganar kowa ba sai tata. Da ya ajiye waya ya tafi kasuwa, ya tattara kayan aikinsa a akwatin ƙarfe, ya mayar wa masu sikeli sikelinsu, ya ba maƙwabcinsa Salihu makullin rumfa. Har ya sa ta wanke masa riguna na zuwa Abuja.

Na nemi gafarar Fibi a hanyar gida. Ta ce ita ba ta taɓa buɗe littafina ba, amma tunda na yi zargin, yanzu za ta fara.

Washegari Aji ya iso yana haki. Muka wanke hannu, aka huda mu, nasa 126, nawa 119. Da Fibi ta shiga ciki na ɗauko dutsen ƙarfen na ajiye a gabansa, na ce ya manta da wannan tun watan Mayu. Ya ɗauka, ya jinjina shi a tafin hannu, ya mayar kan littafin. Ya ce ba nasa ba ne, na wata makaranta ne kusa da Numan, kuma in na ga mai kula da sitonsu in gaya masa yanzu shida ne, cikakku. Sannan ya leƙa ƙofar madafa, ya cire hula, ya raba dabino ɗaya biyu ya miƙo mini rabi.